Daga Tulu Zuwa Akwatin Gilashi: Tarihin Mazaunin Maciji da Tsabtarsa a Hannun Ɗan'adam

1.0 Gabatarwa

A wajen Bahaushe maciji ba abin kiwo ba ne. In dare ya yi ko sunansa ba a son kamawa, sai a sakaya a ce igiyar ƙasa. Kalmar kiwo kuwa ta tsaya ne ga shanu da tumaki da awaki da kaji da tantabaru da makamantansu, watau dabbobin da ake ci, ko a hau, ko a sayar. Macijin da ya fi suna a tarihin ƙasar Hausa ma, wanda labarin Bayajida ya ce ya tare rijiyar Kusugu a Daura, an tuna da shi ne saboda kashe shi da aka yi. Mutum guda da al'ada ta san shi da ajiye maciji shi ne gardi, shi kuwa sana'a ce ta sa shi.

Amma a wasu sassan duniya al'amarin ya sha bamban. A Turai da Amurka da Japan akwai ɗimbin mutane da ke ajiye maciji a cikin ɗakunansu don sha'awa, kuma ɗaya daga cikin macizan da suka fi so daga Afirka ta Yamma ya fito. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin mazaunin da ɗan'adam ya yi wa maciji, daga tulu da kwando zuwa akwatin gilashi, da kuma yadda aka gano cewa tsabtar wannan mazauni ita ce ke raba maciji mai rai da mushe. Za a ga cewa ilmin ya samu ne bayan asarar dabbobi masu yawa, kuma amfaninsa ya wuce masu sha'awa, ya kai ga manomin da kububuwa ta sara a gona.

2.0 Zamanin tulu da kwando

Ajiye maciji tsohon abu ne. Marubucin tarihi Diodorus ya ba da labarin wata ƙatuwar macijiya da mafarauta suka kamo wa Sarki Batalimusa na Biyu, wanda ya mulki Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, aka ajiye ta a Iskandariyya, aka horar da ita da yunwa, ana nuna wa baƙi. Suetonius kuma ya ce Tiberius, Sarkin Rum daga shekara ta 14 zuwa ta 37 Miladiyya, yana da macijin da yake ciyarwa da hannunsa. Wata rana yana kan hanyar Rum ya je ba shi abinci sai ya tarar tururuwa ta cinye shi, ya ɗauki abin a matsayin camfi, ya juya bai shiga birnin ba. Abin lura ga mai nazarin kiwo shi ne, macijin da ke sake zai guje wa tururuwa, wanda ke rufe kuwa ba shi da mafita. Wannan ita ce matsalar farko ta kowane keji: an hana dabba guje wa abin da zai cuce ta, saboda haka nauyin kare ta ya koma kan mai ita.

A Meziko, Bernal Díaz, ɗaya daga cikin sojojin Sifen da suka shiga birnin Tenochtitlan a 1519, ya rubuta cewa a gidan dabbobin Sarki Moctezuma akwai macizai masu ƙararrawa a wutsiya, an ajiye su cikin manyan tuluna da aka shimfiɗa wa gashin tsuntsu.

A Afirka ta Yamma kuwa misalin da ya fi fitowa fili shi ne na garin Wida, a gaɓar tekun Jamhuriyar Benin ta yau, inda ake girmama mesa da sunan Dangbe. Willem Bosman, wani ɗan kasuwa Baholande, ya bayyana wannan al'ada a littafinsa na 1704, har ya ambaci yadda aka karkashe aladu a ƙasar a 1697 saboda ɗaya daga cikinsu ya cinye maciji. Ɗakin mesa na Wida yana nan, kuma ba a tsare macizan cikinsa ɗungum. Sukan fita gari, wanda ya tsinci ɗaya a gidansa sai ya mayar da ita. A irin wannan tsari yanayin ƙasa ne ke yin rabin aikin, domin zafi da laimar da mesa ke bukata suna nan a waje, abinci kuma ita ke nemar wa kanta.

Masu wasa da maciji, daga Indiya zuwa Maroko, sun bi wata hanya dabam. Kwando ko ƙwarya ko akwati shi ne mazaunin, kuma an shaida cewa da yawa daga cikinsu sukan cire wa maciji fiƙa, wasu har su ɗinke bakinsa. Ciwon da wannan ke bari yakan ruɓe, macijin ya daina ci, ya mutu cikin ɗan lokaci, a koma daji a kamo wani. Muddin daji na kusa kuma macizai na da yawa, babu abin da zai tilasta wa mai wasa ya koyi raya su shekara da shekaru.

3.0 Turai da matsalar sanyi

Tilas ɗin ya zo ne lokacin da jiragen ruwa suka fara kai macizan ƙasashen zafi Turai. A can mesa tana da tsada, samun wata kuma sai bayan watanni. Babban abokin gaba shi ne sanyi. A gidan dabbobi na Hasumiyar Landan, wanda Alfred Cops ya shugabanta daga 1822, ana naɗe macizai cikin barguna a sa su a akwatunan da ake ɗumamawa. A Faris, masanin dabbobi Constant Duméril ya sayi mesa biyu da ƙananan kadoji uku daga hannun wani mai wasan kasuwa a 1838, ya kuma ɗauki mutumin aiki a matsayin mai kula da su. Daga nan sashen dabbobi masu jan ciki na gidan tarihin halittu na Faris ya samo asali. A nan ne a 1841 Achille Valenciennes ya lura cewa mesar da ta naɗe ƙwanta jikinta ya fi iskar da ke kewaye da ita ɗumi.

Gidan namun daji na Landan, wanda aka buɗe a 1828, ya buɗe ɗakin macizai ga jama'a a 1849. Shekarunsa na farko sun nuna iyakar sanin mutanen lokacin. A 1851 wata ƙatuwar macijiya ta haɗiye bargon da aka shimfiɗa mata, sai bayan makonni ta amayo shi. A 1852 wani ma'aikaci mai suna Edward Girling, bayan ya kwana yana shan giya, ya ciro gamsheƙa daga kejinta yana wasa da ita, ta sare shi a fuska, ya mutu a ranar. A 1862 wata mesar Afirka ta yi ƙwai kimanin 100 ta kwanta a kansu, jama'a suka yi ta tururuwar kallo, amma ƙwan suka lalace ba a sami ko ɗa guda ba.

Bargo ya magance sanyi kaɗan, ya kuma kawo wata cutar. Yana shan kashi da ruwa, yana riƙe danshi, kuma ninkinsa maɓoya ce ga ƙwari. Abin da ya canza lamarin shi ne gilashi. A 1829 wani likitan Landan, Nathaniel Bagshaw Ward, ya lura cewa tsiro ya fito ya rayu a cikin kwalbar da ya rufe, saboda ruwan da ya tashi daga ƙasa yakan taru a jikin gilashi ya sake gangarowa. Daga nan ya ƙera akwatin gilashi na ɗaukar tsirrai, ya gwada shi zuwa Ostareliya a 1833, ya buga littafi a kansa a 1842. Da aka soke harajin gilashi a Ingila a 1845 farashinsa ya faɗi, akwatin ya shiga gidajen masu hali, da farko don tsirrai, sa'an nan kifi, daga baya ƙadangaru da macizai. Gilashi yana wankuwa, ba ya shan ƙazanta, kuma yana barin mai kiwo ya ga halin da dabbarsa ke ciki ba tare da ya taɓa ta ba. Charles Darwin ya faɗa a littafinsa na 1872 cewa ya taɓa kanga fuskarsa a gilashin kejin kasa da niyyar ba zai motsa ba in ta kawo sara, amma da ta kawo bai san lokacin da ya yi tsalle baya ba.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 abin ya zama fanni mai littattafansa. Johann von Fischer ya buga nasa da Jamusanci a 1884, wani limamin coci mai suna Gregory Bateman ya buga nasa da Ingilishi a 1897. Duk da haka yawancin macizan da aka kawo ba su daɗewa.

4.0 Joan Procter da ilmin ɗumi

Mace ce ta yi gyaran da ya fi tasiri a farkon ƙarni na 20. Joan Beauchamp Procter, wadda aka haifa a 1897, ta tashi da kiwon macizai da ƙadangaru tun tana yarinya, ta zama shugabar sashen dabbobi masu jan ciki na gidan namun daji na Landan a 1923. Ita ta tsara sabon ɗakin da aka buɗe a 1927. Ta sa an yi amfani da wani irin gilashi mai barin ɓoyayyen hasken rana ya ratsa, ta sa wutar lantarki mai na'urar daidaita zafi, ta kuma shirya yadda wani sashe na keji zai fi wani ɗumi. Har ila yau ta ƙirƙiro kayan aiki da dabarun yi wa macizai magani, musamman ciwon baki. Ta rasu a 1931 tana da shekara 34, amma ginin ya yi aiki kusan shekara ɗari, sai a 2024 aka buɗe wanda ya gaje shi.

Hujjar kimiyya ta abin da Procter ta aikata ta fito a 1944, lokacin da Raymond Cowles da Charles Bogert suka buga bincikensu kan dabbobi masu jan ciki na hamadar Amurka. Sun nuna cewa waɗannan dabbobi ba su zauna kawai yanayi ya yi yadda ya so da su ba. Suna daidaita zafin jikinsu ta hanyar kai da komowa tsakanin rana da inuwa da rami. Ma'anar wannan ga mai kiwo ita ce, keji mai zafi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa kurkuku ne, ko da zafin ya yi daidai da na ƙasar da macijin ya fito. Dole a sami gefen ɗumi da gefen sanyi, da maɓoya a kowane gefe.

Dangantakar wannan da tsabta a fili take. Macijin da ya ci ɓera cikin sanyi ba ya iya narkar da shi, sai naman ya ruɓe a cikinsa ya amayar. Garkuwar jikinsa ma da ɗumi take aiki, saboda haka ƙwayar cutar da lafiyayyen maciji zai shanye takan kayar da wanda sanyi ya kama. In kuma aka haɗa ɗumi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa mai kashi, an yi wa ƙwayoyin cuta gona, fatar cikin macijin ta yi ƙuraje ta ruɓe. In aka busar da keji fiye da kima, saɓa ba za ta fita gaba ɗaya ba, ta maƙale a ido da bakin wutsiya. Ashe ke nan ɗumi da laima da tsabta abu uku ne da ba a raba su.

5.0 Abokan gaba da ido ba ya gani

Ƙarni na 20 ya fito da sunayen cututtukan da suka daɗe suna ɓarna a ɓoye. Na farko wani ɗan ƙwaro ne mai shan jini, kamar ƙaramar kaska, girmansa bai wuce ɗigon alƙalami ba, wanda masana ke kira Ophionyssus natricis. Paul Gervais ya bayyana shi tun 1844, amma Joseph Camin ne ya nuna a 1948 cewa yana ɗaukar cutar jini daga maciji zuwa maciji, sa'an nan a 1953 ya bayyana yadda yake rayuwa. Ƙwaron yana da matakai biyar daga ƙwai zuwa babba, yana kammala su cikin mako biyu zuwa uku, kuma macen takan sauka daga jikin maciji ta yi ƙwai a tsaguwar katako da lungunan keji. Saboda haka wanke maciji kaɗai aikin banza ne, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Sai an kwashe shimfiɗa, an wanke keji da duk abin da ke ciki, an kuma maimaita har ƙwan da suka ɓuya su ƙare. Wannan binciken ne ya rage darajar kejin katako mara fenti.

Na biyu ƙwayar atuni ce ta dabbobi masu jan ciki, Entamoeba invadens, wadda Jérôme Rodhain ya bayyana a Beljiyam a 1934. Kunkuru da kada sukan ɗauke ta ba tare da ta dame su ba, amma in ta shiga maciji ta ruwan sha ko kashi takan lalata hanji da hanta. Daga nan aka koyi cewa ba a haɗa kunkuru da maciji a mazauni guda, kuma ba a ɗaukar soso ko kwanon ruwa daga wani keji zuwa wani. Na uku ita ce Cryptosporidium, wadda aka bayyana ɓarnarta a cikin macizai a 1977. Tana kumbura tumbi, macijin ya riƙa amai har ya rame ya mutu. Abin tsoro game da ita shi ne ruwan bilic na yau da kullum ba ya kashe ƙwanta, sai tururi mai zafi ko sinadarin amoniya.

Akwai kuma wata cuta da aka sani tun shekarun 1970 a tsakanin manyan macizai masu matse abin farauta, wadda ke sa maciji ya riƙa karkata kai yana kallon sama, ya kasa juyawa in an kifar da shi. Sai a 2012 Mark Stenglein da Joseph DeRisi na Jami'ar Kalifoniya a San Francisco suka danganta ta da wani jinsin bairos, bayan ta ɓulla a wani gidan ajiye dabbobi na birnin. Rigakafinta shi ne killace kowane sabon maciji a wani ɗaki dabam, da kayan aikinsa dabam, na tsawon watanni kafin a kusantar da shi ga sauran.

Cutar da ta shafi mai kiwo kansa ita ce Salmonella. Yawancin dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ita a hanjinsu lafiya lau, tana fita cikin kashi ta manne a fata da gilashi da kwano. A jikin mutum tana kawo gudawa da zazzaɓi, a jikin jariri ko tsoho kuwa tana iya kisa. Yawan yaran da suka kamu da ita daga ƙananan kunkuru ne ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da kunkurun da ƙoƙon bayansa bai kai inci 4 ba a 1975. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar tana gargaɗin kada yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya taɓa irin waɗannan dabbobi, kuma kada a wanke kayan kejinsu inda ake wanke kwanonin abinci.

6.0 Shaidar Butantan da darasin Kaltungo

Babu inda amfanin wannan ilmi ya fito da alƙaluma kamar Cibiyar Butantan ta birnin São Paulo a Burazil, wadda aka kafa a 1901 ƙarƙashin Vital Brazil don yin maganin dafi. Manoma sukan aiko da macizai ta jirgin ƙasa kyauta. Wani nazari da ma'aikatan cibiyar suka buga a 2021 ya nuna cewa daga 1908 zuwa 1962, lokacin da ake zuba macizan tare a wani fili a waje ana tatsar dafinsu duk kwana 15, matsakaicin rayuwar maciji a wurin kwana 15 ne. Da aka mayar da su cikin gini a 1963 ya koma wata biyu. Bayan ƙarancin magani na 1983 gwamnati ta ba da kuɗi aka sa na'urorin daidaita iska, aka kafa dokokin tsabta, zuwa farkon shekarun 1990 ya kai wata goma. Da aka ƙara killacewa hawa biyu, da ciyarwa da ɓerayen da aka daskarar aka narkar, da tazarar wata biyu tsakanin tatsa da tatsa, da gwajin lafiya, sai wasu jinsunan suka kai shekara takwas, wasu goma. Macizan ba su sake ba, kulawar ce ta sake.

Wannan ya shafi ƙasar Hausa da maƙwabtanta kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashen zafi da aka yi wa sakaci a 2017, ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara. A arewacin Nijeriya kububuwa ce kan gaba wajen kisa, abin da David Warrell da abokan aikinsa suka yi nazari a kai a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970. Magungunan EchiTAb, waɗanda aka gwada kan majinyata 400 a Kaltungo ta Jihar Gombe aka buga sakamakon a 2010, an yi su ne da dafin macizan da aka kama a Nijeriya aka kai Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashen Zafi ta Liverpool. A can aka ajiye su ana tatsa, aka aika da dafin inda ake yi wa tumaki a Birtaniya da dawaki a Kosta Rika allurarsa, a ciro magani daga jininsu. Kububuwar da ta mutu a keji saboda ƙwari ko sanyi ba ta ba da dafi, in babu dafi kuwa babu magani. Mai share keji a Liverpool yana da hannu a rayuwar manomi a Kaltungo, ko da ba su taɓa jin labarin juna ba.

7.0 Maciji a cikin gida: tsirara ko daji?

Daga shekarun 1960 kiwon maciji ya yaɗu a gidajen Amurka da Turai. Littafin Carl Kauffeld na gidan namun daji na Staten Island, wanda ya fito a 1969, yana cikin waɗanda suka tarbiyyantar da masu sha'awa na wancan zamani. Darasin da aka ɗauka daga cututtukan da aka ambata shi ne a sauƙaƙa keji: takardar jarida a ƙasa, kwanon ruwa, maɓoya, shi ke nan. A shekarun 1980 da 1990 masu hayayyafar macizai don sayarwa suka kai wannan ra'ayi ƙarshensa, suka koma ajiye su cikin akwatunan roba da ake jerawa kamar aljihun tebur, ɗaruruwa a ɗaki guda.

Macijin da ya cika waɗannan akwatuna shi ne ƙaramar mesar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, Python regius, irin wadda ake girmamawa a Wida. Ba ta da dafi, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, in ta tsorata sai ta dunƙule ta ɓoye kanta. A daji takan fake a ramin ɓera ko tsohon suri. Tun da yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji, wadda aka sa wa hannu a 1973, ta fara aiki a 1975, an rubuta fitar da irin wannan mesa fiye da miliyan 3, akasari daga Togo da Benin da Gana. Mafarauta sukan tono mata masu ciki da ƙwai, a ƙyanƙyashe a gonakin 'yan kasuwa, a tura 'ya'yan ta jirgin sama. In ta sami kulawa tana daɗewa ƙwarai. Wata a gidan namun daji na St. Louis ta yi ƙwai a 2020 tana da kimanin shekara 62. Wanda ya saye ta ya ɗauki alkawarin da zai iya kai shekara talatin.

Tsarin akwatin roba ya sami masu suka. Philippe de Vosjoli, a littafinsa na 2004, ya yaɗa ra'ayin shimfiɗa mai rai, watau a zuba ƙasa da ganye da tsirrai, a bar ƙananan halittu masu cin ruɓaɓɓen abu su narkar da ragowar ƙazanta kamar yadda ake yi a daji. Wani bincike da aka yi a Jamus aka buga a 2021 ya kwatanta halin ƙaramar mesa a akwatin roba da halinta a faffaɗan keji mai kaya, ya tarar cewa a babban kejin tana hawa reshe, tana shan ɗumi, tana shiga ruwa, a akwatin kuwa tana yawan goga baki a bango tana neman mafita. Gardamar ba ta ƙare ba. Masu akwati suna da hujjar rigakafin cuta, masu ƙasa da ganye suna da hujjar walwalar dabba.

Duk da saɓanin, akwai ƙa'idojin da ɓangarorin biyu suka gada daga wannan dogon tarihi. Kullum a duba keji, a kwashe kashi da farin abin nan mai kama da alli da maciji ke fitarwa maimakon fitsari, tare da shimfiɗar da ta jiƙe, a wanke kwano a sake ruwa. Lokaci lokaci, a kejin da ba na shimfiɗa mai rai ba, a fitar da maciji zuwa wani akwati mai murfi, a zubar da shimfiɗa duka, a fara wankewa da sabulu, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsa dauɗa. Sa'an nan a shafa bilic da aka sirka da ruwa mai yawa, a bar shi kamar minti goma, a ɗauraye sosai, a bari ya bushe har warin ya fita. A guji magungunan wanke ɗaki masu sinadarin finol, dangin Izal da Dettol, da garin katakon itatuwa masu mai da ƙamshi irin su sida, domin suna cutar da maciji. Ga ƙaramar mesa, akan nemi gefen ɗumi ya kai digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, gefen sanyi kuma wajen 25 zuwa 27, tare da ƙarin laima lokacin saɓa. Ba a ɗaukar maciji kwana biyu bayan ya ci abinci. A ƙarshe mai kiwo ya wanke hannunsa da sabulu.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi mazaunin maciji ta matakai huɗu. A mataki na farko, na tulu da kwando, yanayi ne ke raya maciji ko kuma daji ya maye gurbinsa in ya mutu. A na biyu Turawa sun yaƙi sanyi da bargo da ruwan zafi har gilashi da lantarki suka zo. A na uku aka gano ƙwari da ƙwayoyin cuta, keji ya koma kamar ɗakin asibiti. A na huɗu, wanda ake ciki, ana neman yadda za a mayar wa maciji da ƙasa da reshe ba tare da an mayar masa da cuta ba. Alƙaluman Butantan, daga kwana 15 zuwa shekara goma, su ne ma'aunin abin da aka samu tsakanin matakan.

Akwai aiki a nan ga masu nazarin al'adun Hausawa. Gardawa suna da sanin macizai na gado: inda kowane iri ke kwana, da lokacin fitarsa, da yadda ake kama shi, da kalmomin da suke kiran kayan sana'arsu. Tattara wannan sani daga bakin tsofaffinsu, a auna shi da abin da kimiyya ta tabbatar, zai amfani ƙamus, zai kuma amfani duk wata cibiya da za a kafa a ƙasar nan don ajiye kububuwa da kasa da kumurci a tatsi dafinsu. Ranar da aka kafa ta, nasararta za ta rataya ne ga mutumin da ke sake ruwan kwano kowace safiya.